Kai Ka Ƙure, Kai Ka Kwance, Wa Kake So Ya Biya?

Da ku nake, samarin kwamfuta: masu wasan gem, masu tace bidiyo, masu zanen gidaje, har da ƙannenmu da ke tsaron gem santa a unguwanni. Wata mummunar ɗabi'a ta samu gindin zama a cikinku, kuma kun ɗauke ta wayo. Mutum ya sayi katin garafik lafiya lau, ya kai gida ya ƙure masa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, zafi ya yi yawa, ya ɗauko sukudireba ya kwance fanka da ƙarfen sanyaya, ya mayar a karkace, kati ya mutu. Daga nan sai ya share shaida, ya liƙa sitikar garanti inda take, ya saka kati a kwali ya nufi shagon da ya saya yana rantse-rantse: "Wallahi Alhaji ban taɓa shi ba, ina cikin aiki haka kawai ya ɗauke." In mai shago ya ƙi karɓa, sai ya nemo wani bawan Allah da bai san dawan garin ba ya jibga masa. Wannan ha'inci ne, kuma babu wani suna mai daɗi da za a sa masa.

Me ma kuke nema a ƙure gudun? Tun 2012, lokacin da Nvidia ta fito da GTX 680, katunan garafik da kansu suke ƙara wa kansu gudu. Katin yana duba zafinsa, yana duba wutar da yake sha, in ya ga da sarari sai ya ƙara, in ya ga babu sai ya rage. Katunan AMD ma haka suke yi. Ke nan mafi yawan abin da ake iya tatsa kamfani ya riga ya tatse tun daga masana'anta. Abin da ya rage maka, in ka buɗe MSI Afterburner ka ja ma'aunin nan zuwa dama, da ƙyar ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Gem ɗin da ke ba ka hoto 60 a daƙiƙa zai ba ka 64 ko 65. Ko an sa ka a gaban allo biyu, ba za ka iya nuna wanda aka ƙure ba. In bidiyo kake fitarwa, aikin minti 20 zai koma 18 da wani abu. Shi ke nan ribar.

Kuɗin da ake biya kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Wutar da ƙwaƙwalwar kati ke sha tana hawa daidai da gudu, amma in aka ƙara ƙarfin wutar da ake tura mata, hawan ninki yake yi. Ka ƙara gudu kashi 10, ka ƙara ƙarfin wuta kashi 10, zafin da zai fito ya ƙaru da wajen kashi 33. Katunan nan kuma dama can ba ƙananan masu shan wuta ba ne. RTX 3080 na 2020 yana shan wat 320, RTX 3090 wat 350, RTX 4090 na 2022 wat 450. Duk wannan wutar zafi take komawa, kuma dole ya fita ta fankar nan.

Ga abin da kuke mantawa. Baturen da kake kallo a YouTube yana gwajinsa ne a ɗaki mai sanyi, digiri 22 ko kusa da haka, wutarsa ba ta rawa, iskarsa babu ƙura. Kai kana Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ɗakinka rufin kwano ne, hunturu ya riga ya cusa ƙura tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, wutarka kuma yau ta Nepa gobe ta janareta. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka kawai take hurawa. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi katin zai ƙara. Katunan Nvidia da yawa an tsara su su ja da baya da sun kai wajen digiri 83, tun kafin nan ma suna sauke gudu kaɗan-kaɗan. To a ɗakinka, gudun da ka ƙara da hannu katin da kansa zai ƙwace, ya bar maka zafin da ƙarar fanka. Memorin GDDR6X ya fi ban tausayi: in ka ƙure shi ya fara kuskure, ba ya nuna maka ɗigo-ɗigo a allo kamar na da, sake aiko da saƙon yake yi a ɓoye, sai lambar gudu ta hau, aiki kuma ya ragu. Kana murna, kana asara.

Zan yi muku adalci. Jan ma'auni a manhaja kaɗai bai cika kashe kati nan take ba, domin kamfani ya sa iyaka. Yawanci gem ya tsaya ne, ko allo ya yi baƙi, ka mayar da lamba inda take komai ya dawo. Wanda ya tsaya nan, ya san abin da yake yi, ba ni da magana da shi. Kayansa ne. Amma ku ba ku tsayawa. Sai kun nemo BIOS ɗin wani kati kun ɗora don cire iyakar wuta. Wasu har da taɓa ƙananan kayan da ke auna wuta a jikin allon katin, don katin ya sha fiye da yadda yake tsammani. Ga akwatin raba wuta na araha, wanda abin da aka rubuta a jikinsa daban, abin da yake bayarwa daban. Bayan wata biyu ko uku zafi ya hau, sai wani a guruf ya ce ai man sanyaya ne ya bushe, a buɗe a canja. Daga nan ake shiga uku.

Kwance kati ba wuya, yaro ma zai iya. Mayarwa ce aikin, kuma a nan ne nake ganin ɓarnar da ta fi ɓata mini rai, domin ɓarna ce da minti goma na natsuwa zai hana.

Ƙwaƙwalwar katin garafik tsirara take. Furosesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe da ke kare ta, wannan ba ta da shi. Ƙarfen sanyaya a kanta kai tsaye yake zama, ita kuma siliki ce mai saurin tsagewa. Sukurori huɗu masu sifirin ne ke danne ƙarfen, kuma ana ɗaure su ne yadda mai faci ke ɗaure notin taya: kaɗan a wannan kusurwa, kaɗan a wadda ke fuskantarta, a dawo a zagaya, har su zauna tare. Kai kuwa sai ka murɗe ɗaya har ƙarshe kafin ka taɓa sauran. Duk nauyin ya taru a gefe guda. In ka yi sa'a ƙarfen ya zauna a karkace, rabin ƙwaƙwalwar ba ya taɓa komai. In ba ka yi sa'a ba kusurwarta ta ɓare, kuma ɓarewar da ido bai cika gani ba ta isa ta kashe kati har abada.

Sai fallayen robar nan masu laushi da ke kan memori da kayan raba wuta. Da yawanku kun ɗauka shara ce ko abin ado. Ku yaga su wajen buɗewa, ku mayar da su a yage cike da ƙura, ko ku zubar ku sayo duk wanda kuka samu. Alhali kowane falle da kaurinsa: akwai rabin milimita, akwai 1, akwai 1.5, akwai 2, kuma a kati ɗaya ana iya samun kauri uku daban-daban. In ka sa mai kauri fiye da ƙima, zai tokare ƙarfen ya ɗaga shi daga kan ƙwaƙwalwa. In ka sa siriri, ba zai taɓa ƙarfen ba, memori ya yi ta dahuwa shiru, ga shi lambar zafin da kake kallo a allo ta ƙwaƙwalwa ce, tana nuna maka komai lafiya. Memorin RTX 3080 da 3090 sai ya kai digiri 110 yake ja da baya. Kada ka raina robar nan. A 2016 kamfanin EVGA ya fitar da wasu katunan GTX 1070 da 1080 da kayan raba wutarsu ke ɗaukar zafi fiye da ƙima, kuma maganin da ya bayar shi ne sabon BIOS mai ƙara gudun fanka da kuma waɗannan fallayen roba kyauta. Kamfani mai injiniyoyi ya sha kunya a kan abin da kai kake sharewa da bayan hannu.

Man sanyaya ma haka. Tsohon sai an goge shi tas da sifirit mai tsabta, fuska biyu, a bari ya bushe. Sabon kuma sai ya rufe fuskar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, domin duk kusurwar da ta rasa mai a nan zafi zai taru. Kuma ƙarfe in ya zauna ka sake ɗaga shi don leƙawa, to ka shigar da iska, sai dai a goge a sake. Amma akwai mai shafa sabo a kan busasshe. Akwai mai sa man goge baki, wanda kwana kaɗan zai bushe ya zama alli. Akwai kuma mai ƙarfin hali da ya ji labarin ruwan ƙarfe ya sayo. Ruwan ƙarfe na ɗaukar zafi sosai, ba musu, amma galiyom ne a cikinsa: yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a kan ƙananan kayan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya isa ya haɗa wuta, kuma yana cinye alminiyom. Wanda bai iya riƙe sukudireba ba me ya kai shi nan?

Ragowar kuwa sakaci ne tsantsa. A ɓalle igiyar fanka wajen ɗaga ƙarfe saboda an manta tana haɗe. A mayar da komai a manta ba a haɗa ta ba. Sukudireba ya zame ya fizge wani ɗan ƙaramin abu da bai kai ƙwayar gero ba. A zuba sukurori wuri ɗaya, wajen mayarwa a sa dogo a ramin gajere ya huda allon katin. Kada ka ce ƙaramin sakaci ba ya ƙona babban kaya. A ƙarshen 2022, da soket ɗin wutar RTX 4090 ya riƙa narkewa, Nvidia ta ce a binciken da ta yi na wajen katuna 50, abin da ya fi yawa shi ne ba a tura filogin ya shige har ƙarshe ba.

To duk wannan, in a kan kayanka ya tsaya, asararka ce, Allah ya mayar da alheri. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne abin da ke biyo baya.

Garanti alkawari ne a kan laifin masana'anta. Kuma laifin masana'anta yana faruwa. A Yulin 2021, lokacin gwajin gem ɗin New World na Amazon, wasu katunan RTX 3090 na EVGA sun mutu, kamfanin ya bincika ya ce matsalar daga walda ce marar kyau a wani rukunin katunan, ya canja wa masu su. A farkon 2023 AMD ta amsa cewa wasu katunan RX 7900 XTX sun fito da ƙarfen sanyaya mai matsala, zafi na kaiwa digiri 110, ta ce a dawo da su a canja. Irin wannan aka yi garanti dominsa: mutum bai yi komai ba, kaya ya ci amanarsa. Ba a yi shi don wanda ya ɗora BIOS ɗin wani kati ya kuma ɓare ƙwaƙwalwa da hannunsa ba. AMD ma a fili take rubutawa cewa garantinta bai shafi ɓarnar ƙure gudu ba, ko da da manhajarta aka ƙure, kuma sai ka danna ka amince kafin ta buɗe maka wurin. Ka danna. Ka amince.

Na san hujjar da masu ɗan karatu a cikinku ke kawowa. Wai ai sitikar nan da ke kan sukuru, mai cewa garanti ya ɓaci in an cire, ba ta da ƙarfin doka. Akwai gaskiya a ciki, amma a Amurka. Can suna da dokar Magnuson-Moss ta 1975, kuma hukumar kasuwancinsu, FTC, ta aika wa kamfanoni shida takardar gargaɗi a 2018, ciki har da Asus da Sony da Microsoft da Nintendo, sannan a Yulin 2024 ta aika wa ASRock da Gigabyte da Zotac a kan irin wannan sitika. Ni ma ina goyon bayan wannan. Mutum na da haƙƙin buɗe kayansa ya share ƙura ba tare da an ƙwace masa garanti ba. EVGA, kafin ta bar sana'ar katunan garafik a Satumban 2022, tana yarda ka cire ƙarfen sanyaya muddin ka mayar da katin yadda yake kuma ba ka lalata komai ba. Amma ku karanta maganar har ƙarshe mana. Ko a Amurkar, abin da aka hana kamfani shi ne ya ƙi gyara don kawai an buɗe. Ba a ce ya biya ɓarnar da mai buɗewar ya yi ba. Kun ɗauki rabin da ya yi muku daɗi kun bar rabin da ya kama ku.

Sannan ku dubi inda muke. Katin da ka saya a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko wanda aka aiko maka daga Computer Village ta Ikeja, in na hannu ne, babu wani kamfani a Taiwan da ke jiran a mayar masa da shi. Garantin da aka ba ka na baki ne, ko layi ɗaya a bayan rasit: kwana uku, mako ɗaya, in an yi maka karamci wata ɗaya. Wanda ya tsaya a bayan wannan alkawari shi ne mai shagon, da jarinsa, jarin da ya sayi dala da tsada ya haɗa. In ka kawo masa gawar da kai ka kashe ya karɓa, daga aljihunsa ta fita. Wani lokacin ma ba shi ba ne, yaron shagon da ya karɓa ba tare da ya duba ba shi za a cire wa a albashi. Kai ka san haka. Shi ya sa kake hura wa sitika zafi ka ɗaga ta a hankali don kada ta yage, shi ya sa kake mayar da tsohon BIOS kafin ka fito. Wanda ya natsu ya yi wannan aikin ba za a ce masa bai sani ba. Natsuwar da ka kasa yi wajen ɗaure sukuru huɗu, ga ta ka samo wajen shirya ƙarya. Har ka haɗa da sunan Allah.

Mafi muni shi ne mai sayar wa na gaba. Kati ya fara zane-zane a allo, sai a kai shi a hura masa iska mai zafi har dalmar ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta ɗan motsa, ya farfaɗo. Duk mai gyara ya san wannan farfaɗowa sau da yawa ta ɗan lokaci ce. Sai a goge shi ya yi ƙyalli, a ɗauki hoto, a rubuta "kamar sabo, ba a taɓa buɗewa ba". Wa zai saya? Ɗalibin zanen gine-gine da mahaifiyarsa ta yi adashi ta haɗa masa kuɗi. Yaron da ya fara karɓar aikin tace bidiyon biki yana so ya tsaya da ƙafarsa. Shi zai kai gida ya yi mako uku yana murna, ranar da zai miƙa aiki allo ya yi baƙi, ya kira lambarka ya ji ta a kashe. Ba sai na karanta muku hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki ba, tun muna islamiyya aka koya mana, kuma bai canja ba don kayan na lantarki ne.

Ɓarnar ba ta tsaya kan mutum biyu ba. Duk mai shagon da aka cuta sau biyu, sai ya rage kwanakin garanti, ko ya ce a gwada a gabansa in an fita shi ke nan. Sai mai gaskiya ya zo da katin da ya mutu da kansa, a kalle shi da idon ɓarawo. Ku kuka jawo masa.

Masu shago, ban wanke ku ba. Tun da aka daina haƙo kuɗin kirifto na Ethereum da katunan garafik a ranar 15 ga Satumba, 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, da yawansu an canja musu BIOS, an ƙure musu memori, fankokinsu sun gaji. Wanda ya san daga irin wannan wuri kayansa ya fito ya ce wa mai saye "ɗan amfani kaɗan aka yi da shi", shi da yaron da ke liƙa sitika laifinsu ɗaya. Masu gyara kuma, in an kawo muku sabis, kada ku karɓi aikin da ba ku da kayansa. In babu fallen roba mai kaurin da ya dace, ku faɗa. In sukudireba ya zame a hannunku, ku faɗa. Cewa "dama ya kusa mutuwa" bayan kai ka ƙarasa shi cin amana ne.

In zafi ne ke damun katinka, akwai abin yi kafin a kai ga sukudireba. Ka hure ƙura kana riƙe da fanka kada ta yi ta juyawa. Ka ba akwatin kwamfutar iska, ka ɗaga shi daga ƙasa. Ka rage iyakar wuta zuwa kashi 80 ko 85, ko ka sauke ƙarfin wutar ƙwaƙwalwa kaɗan: gudun da za ka rasa ɗan kaɗan ne, zafi da ƙara kuwa za su sauka sosai, janaretanka ma ya huta. A yanayinmu wannan shi ne gwaninta. In kuma katin na cikin garanti yana zafi fiye da ƙima, mayar da shi yadda yake, kada ka buɗe. In garanti ya ƙare kuma buɗewar ta zama dole, ka nemi kaurin fallayen katinka tukuna, ka ɗauki hoton kowane mataki, ka jera sukurori yadda ka cire su, ka rubuta zafin kafin da bayan aiki. In bambancin zafin ƙwaƙwalwa da na wurin da ya fi zafi a cikinta ya haura digiri 25 ko 30, ƙarfen bai zauna ba, kashe ka sake.

Kai kuma da kati ya riga ya mutu a hannunka, yana cikin kwali kana shirin fita da shi gobe, ka ji tsoron Allah. In shago za ka, ka ce: "Alhaji, na ƙure shi kuma na buɗe shi, ga abin da ya faru, ko akwai yadda za a yi?" Wataƙila ya sassauta maka a kan wani, wataƙila ya ce babu, haƙƙinsa ne. In sayarwa za ka yi, ka sayar da shi a matsayin matacce, masu gyara na sayen irinsa don fanka da memori da ƙarfen. Kuɗin kaɗan ne, ka karɓa. In kuma ka riga ka sayar wa wani da ƙarya, lambarsa na cikin wayarka, ka kira shi yau ka mayar masa da kuɗinsa.